Gwaggo ba ta iya ƙarya ba

Yaran ne suka raɗa mata suna Gwaggo, wai don kafin ta tofo ƙwallo sai ta yi ta gunaguni kamar tsohuwar da aka taɓa wa ƙullin goro. Ba wata aba ba ce ta a zo a gani. Tayar baro ce guda ɗaya aka ɗaura wa moton lantarki, aka dasa ta a kan ƙafafu uku na tsohon ƙarfen gado, aka yi mata maƙogwaro da bututun roba. Ka zura ƙwallo ta bututun, ta gangara ta faɗa tsakanin tayar da ke wulwulawa da wani faifan ƙarfe, taya ta matse ta, ta cillo ta waje, fiu! Shekara biyu ke nan tana tare da mu a makarantar 'yan matan da nake koyar da wasanni a nan Bauchi.

Na san wasu za su ce wane wasa ne kuma wannan. Sofbol sunansa, ƙanen besbol ɗin nan na Amurkawa, kuma can aka haife shi, a birnin Shikago, a 1887. Ma'anar sunan wai ƙwallo mai laushi, amma duk wadda ta taɓa shan ta a ƙauri ta san wanda ya raɗa sunan bai yi adalci ba. Ruwan ɗorawa ce mai jan ɗinki, kewayenta inci 12, ta fi goruba girma, ta kusa kai ta tauri. Mutum tara-tara ake yi. Ɗaya ta jefo, ɗaya ta tsaya da sanda ta buga, in ta samu ta ruga ta zaga tasha uku ta dawo gida, maki ɗaya ke nan. In jifa uku masu kyau suka wuce ta, ta fita. Inda ya rabu da yayan nasa shi ne wajen jifa: ba ta saman kafaɗa ake yi ba, hannu ake wulwulawa zagaye guda kamar mai majajjawa, a saki ƙwallon daidai kwankwaso. Ni a Ilori na koya lokacin bautar ƙasa. Akwai filin besbol a unguwar Adewole, wata maƙwabciyata tana zuwa, na bi ta kallo, kallo ya zame mini ciwo.

Da na dawo gida na tara yara, sai na tarar kowa sanda take so ta riƙe. Bugu akwai daɗi, ana jin ƙararsa, ana tafa maka. Jifa kuwa wahala ce zalla. Yarinya sai ta shekara tana wulwula hannu kafin ta iya saita ƙwallon tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu, kuma a wannan shekarar ba abin da take samu sai dariyar ƙawaye da tsintar ƙwallo a cikin ciyawa. A cikin yara 22, ɗaya tak ta jure, wata doguwa 'yar Yalwa marar yawan magana. To ku lissafa: in kowace yarinya za ta yi bugu ashirin a yammaci guda, jifa 440 ke nan, ban da waɗanda suka kauce. Ni da ita muke rabawa. Ana yawan cewa jifan ƙasa ba ya cin kafaɗa kamar na sama, har ni na taɓa yarda, sai da na wayi gari ba na iya ɗaura ɗankwali sai da taimakon 'yata. Ita kuwa yarinyar, mahaifiyarta ce ta aiko mini da saƙo cikin ladabi, cewa ko wankin kayanta ta kasa ranar Asabar.

Ranar na ɗauki waya na nufi shagon ƙanen mijina, mai walda ne a wajen kasuwar Muda Lawal. Na nuna masa bidiyon injin jifa na kamfanin JUGS, na nuna masa farashinsa da dala, muka yi dariya tare. Ya sake kallon bidiyon sau uku, ya ce, "Matarmu, wannan ai taya ce da moto. Me Bature ya sa a ciki da za a biya wannan kuɗin?" Na ce masa gara ma wannan, injin farko da wani malamin lissafi, Charles Hinton, ya ƙera a jami'ar Princeton a 1897 da albarushi yake harbo ƙwallo. Ya ce in haka nake so ai aiki ya yi sauƙi, ranar hawan Sallah sai ya yi magana da 'yan bindiga.

Sati uku ya kawo ta a bayan a-kori-kura, doguwa, bakinta daidai kafaɗata, don bidiyon da ya ƙara nemowa da kansa na besbol ne. Na ce, "Injiniya, tamu daga kwankwaso take fitowa." Ya yi tsaki, ya yanke mata ƙafafu a nan filin, ta koma 'yar guntuwa. Muka auna mita 13 da 'yan kai daga inda mai bugu ke tsayawa, wato ƙafa 43 da dokar wasan mata ta ce, muka kafa ta.

Ba zan ci amanar Gwaggo ba, watannin farko ta yi mana abin da ba wanda zai iya. A awa ɗaya kowace yarinya sai ta yi bugu talatin ko fiye. Akwai wata 'yar aji biyu da ƙwallo ta taɓa samu a haƙarƙari, tun daga nan in an jefo sai ta runtse ido ta ja da baya. Da ta gane Gwaggo ba ta kaucewa, sai ƙafarta ta zauna, cikin sati biyu ta daina gudu. Masu sara daga sama kamar suna faskare suka gyara. Masu jinkirin hannu na ƙara musu gudu a hankali da wani makunni irin na fanka da Injiniya ya sa mata. Dangwale, wato ka tare ƙwallon da sanda ta faɗi nan gabanka ba tare da ka buga ba, a wurinta duk suka iya shi. In na kwantar da bakinta ƙasa sai ta yi ta turo ƙwallo tana birgima masu tsaron fili suna tsinta, in na ɗaga shi sama su koyi cafewa. Kafaɗata ta warke, ɗankwali ya koma hannuna.

Tana da nata halin, ba shakka. In an ɗauke wuta sai a jawo janareta, man kuwa daga jakata. Tana cin ƙwallo: tayar tana goge fata, in ɗinki ya faɗo daidai inda take matsewa sai jifan ya ɗan karkace. A ƙasashen da wasan ya zauna akwai ƙwallon roba mai ƙananan ramuka da ake yi musamman don inji, mu kuwa guda goma sha huɗu gare mu duka-duka, su ne na atisaye, su ne na wasa. Da hunturu ƙura ta kwanta a kan taya sai ƙwallon ta riƙa zamewa, sai an bi da tsumma. Iskar tayar ma in ta ragu, gudu ya ragu. Duk wannan ban ɗauke shi komai ba, don ina tsaye ina kallon yarana suna aika ƙwallo har gindin darbejiyar bakin katanga, ina ce wa raina abin nema ya samu.

Sai muka je Jos.

Wata makaranta ce a can ta gayyace mu wasan sada zumunci. Muka fita da asuba a bas, yara suna waƙa tun daga Bauchi har Tilden Fulani. Da na ga mai jifarsu tana ɗumama hannu sai na ji sanyi a raina. 'Yar gajeruwa ce, kuma wallahi jifanta bai kai gudun da nake sa wa Gwaggo ba. Na juya na ce wa kyaftin ɗinmu, "Yau kam sai dai ku ji tausayinsu."

Wasan zagaye bakwai ne, amma akwai doka cewa in an ba ka ratar maki bakwai bayan zagaye na biyar a tashi. A na biyar aka tashi. Cikin mutum goma sha biyar da aka fitar mana, goma sha ɗaya ko taɓa ƙwallon kirki ba su yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ba faɗuwar ba ce, yadda aka yi ta ne. Yarinyar nan sai ta wulwula hannu da ƙarfi kamar za ta fasa bango, ƙwallon kuma ta taho tana rangwaɗa, tawa ta riga ta gama juyi da sanda har ta kusa faɗuwa kafin ta iso. Na gaba ta yi shirin jira, sai a sako mata mai sauri ta wuce ta tana tsaye. Wata ƙwallon a ƙasa take dira tun kafin ta ƙaraso, amma sai ka ga yarana sun kai mata sara. Wata ta fi kansu tsayi, ita ma sun bi ta. Komai aka jefo sai sun buga, don wata takwas ke nan duk abin da ya fito daga bakin Gwaggo abin bugu ne.

A hanyar dawowa ba mai waƙa. Mun tsaya sallar la'asar a Nabordo, kyaftin ɗin ta matso kusa da ni tana gyara hijabi, ta ce, "Malama, ni fa ban san inda zan kalla ba. Hannunta yana ta yawo." Wannan maganar ta fi duk abin da na karanta daga baya amfani a wurina. Wata takwas tana kallon bakin bututu, rami ɗaya da ba ya motsi. Ba ta taɓa koyon kallon mutum ba.

Duk macen da ta taɓa shiga lugude ta san abin da nake nufi. In ku uku kuka kewaye turmi, ba taɓaryar 'yar'uwarki kike kallo ba, kiɗan kike bi, jikinki ya riga ya san lokacin da zai sauka. Haka yarana suka yi da Gwaggo. Gunaguni, ƙwas, bugu. Gunaguni, ƙwas, bugu. Da za a rufe musu ido da ƙyalle ma wasu za su samu. Ni ina ganin sun iya bugu, ashe lugude suka iya, kuma 'yar Jos ba ta zo daka ba.

Da na zauna da biro na ga abin a fili yake. Mai jifa tana yin wani dogon taku gaba kafin ta saki ƙwallon, saboda haka mita 13 ɗin nan takan koma kamar 11 da rabi. In ƙwallon tana gudun kilomita 80 a awa, rabin daƙiƙa ne da ɗan ɗoriya ta iso. In ta kai 100, kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Manyan duniya sun wuce nan: Monica Abbott ta Amurka ta yi jifan mil 77 a awa a 2012, wajen kilomita 124 ke nan. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido za ki ga ƙwallon, ki gane inda ta nufa, ki yanke shawarar bugu ko bari, sannan ki juyo da sanda, wanda shi ma yana cin nasa lokacin. Lissafin ba ya fita in sai ƙwallon ta baro hannu za ki fara aiki. Dole tun tana hannun mai ita ki fara karatu: yadda ta taka, saurin hannun, inda wuyan hannu ya karye a gefen cinya, yadda jan ɗinkin nan yake juyawa. Mai tsaron gida a bugun daga kai sai gola haka yake yi, ƙugun mai bugu da ƙafar da ya dasa yake karantawa. Ɗan dambe ma ba ya jiran ya ga dunƙule, kafaɗa yake tsaro.

Akwai abin da ya faru a Amurka a 2004 da nake ba yara labari har sun gaji da ji. Jennie Finch, wadda ta ci zinare da tawagar sofbol ta Amurka a gasar Olamfik ta Atina a wannan shekarar, ta tsaya ta yi wa manyan 'yan besbol jifa a wani wasan nishaɗi. A cikinsu har da Albert Pujols, wanda a lokacin da wuya a nuna wanda ya fi shi bugu a duniya. Mutumin da ya saba da ƙwallo mai gudun mil casa'in da wani abu, sai ga shi ya kasa taɓa ta Finch, wadda ba ta kai wannan gudun ba kuma ta fi tasu girma. Hannunsa lafiya lau, idonsa lafiya lau. Jikin mai jifan sama ya haddace tun yana yaro, da aka kawo masa mai jifan ƙasa sai ya koma ɗan koyo. In haka ta samu Pujols, ina ga 'yata da ba ta haddace jikin kowa ba sai na tayar baro?

Mai jifa ta ƙwarai maƙaryaciya ce, sana'arta ke nan. Akwai jifa mai nutsewa, wadda ake murza ta gaba sai ta zo dab da ke ta faɗi. Akwai mai tashi, da ake murzawa baya, tana ƙin saukowa yadda ido ya zata, sai ki ga kamar hawa take, sandarki ta bi ta ƙarƙashinta. Akwai mai lanƙwasa. Uwarsu duka ita ce 'yar lallaɓa, wadda ta kashe mu a Jos: hannu da jiki su yi rantsuwa cewa mai sauri ce, ƙwallon kuma ta taho a hankali. Yukiko Ueno ta Japan tana da shekara 39 ta fara jifa a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo a 2021, suka doke Amurka da ci 2 da nema. Mace mai wannan shekarun ba ƙarfin dantse kaɗai take kawowa fili ba, shekara ashirin ta yi tana nazarin yadda ake sa mai sanda ta yarda da abin da ba shi ne ba. Gwaggo kuwa baiwar Allah, abin da ta faɗa jiya shi za ta faɗa gobe.

Amma ɓarnar da ta fi girma ban gan ta a Jos ba, sai da muka dawo. Na sa doguwar 'yar Yalwa ta yi wa 'yan'uwanta jifa, sai na ga ita ma ta lalace. Wata takwas tana jifa a gefe ita da mai cafe mata, ba mai sanda a gabanta. Da aka tsayar mata da mutum sai hannu ya fara rawa, tana tsoron kada ta sami wata, ƙwallo tana ta fita waje. Ga shi tana aji shida, saura mata zango biyu ta tafi. Na waiwaya bayanta, ba kowa. A da, wahala takan sa ni lallashin yara biyu ko uku su gwada jifa ko don mu huta. Da inji ya zo wahalar ta kau, lallashin ma ya kau. Wannan ba laifin taya da moto ba ne, nawa ne, ni na ji daɗin kafaɗata.

Yanzu kwana biyu kawai ake fito da Gwaggo a mako, kuma na sa mata sharuɗɗa. Mai zura mata ƙwallo sai ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta wulwula hannu zagaye guda kamar mai jifan gaske, sannan ta saka a bututu, don idon mai bugu ya saba bin hannu. Nakan tsaya kusa da makunnin in murɗa shi ba tare da na faɗa ba. Wani lokaci in sa mai bugu ta matso taku biyu gaba, bayan bugu uku ta koma baya. In na ga an fara lugude sai in kashe ta. Gyaran hannu kuma mun mayar da shi kan turke, wani guntun bututu da muka dasa a cikin gwangwanin siminti, a ɗora ƙwallo a kai a buga cikin raga. Sai jifan kusa: in tsuguna a bayan raga kamar taku goma sha biyar daga mai bugu, in riƙa sako mata da hannu, wata ciki, wata waje, wata da gangan a ƙasa don in ga ko za ta bari. Wadda ta bar mummunar ƙwallo ta wuce, ita nake tafa wa yanzu, har yara suna cewa Malama ta fi son wadda ba ta yi komai ba.

Alhamis ranar mutum ce. Mai jifa, mai cafewa da hular kwanonta, ni a baya ina ƙirga mai kyau da marar kyau kamar a wasa. Ba na ɓoye muku, ranar ba ta da daɗi. Sababbin masu jifan da na tilasta wa koyo su huɗu ne, kuma cikin jifa goma da ƙyar uku suke shiga. Yarinya sai ta yi awa ɗaya a fili ta samu abin bugu shida ko bakwai. Ana shan ƙwallo a cinya. Ran nan wata ta jefar da sanda ta ce, "Malama, don Allah a fito da Gwaggo, wannan ai ɓata lokaci ne." Na ce ta ɗauki sandarta, in ta je Jos ta roƙi 'yar gajeruwar nan ta yi mata jifa irin na Gwaggo.

Maƙwabciyar tawa ta Ilori, da muke waya har yanzu, ta ce na cika zafi. A ganinta laifin na injin taya ɗaya ne. Masu taya biyu da uku suna iya murza ƙwallon ta nutse ko ta lanƙwasa, in ka bambanta gudun tayoyin. Ta ce manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka ma yanzu suna da injin da ke nuna hoton bidiyon mai jifa a allo, ƙwallon ta fito daidai inda hannunsa yake. Na ce mata to ai ta ba ni gaskiya da bakinta: mutanen da suka fi kowa kuɗi sun kashe dukiya don su mayar wa inji hannun mutum. Mu da muke da hannuwa arba'in da huɗu a fili kyauta, sai mu fara da su. Ta ce bakina bai mutu ba tun na bautar ƙasa. A kan abu ɗaya dai na sallama mata: in za ka fuskanci mai jifar da ta fi duk naka sauri, ba inda za ka samo wannan gudun sai wurin inji. Sofbol zai dawo Olamfik a 2028, yarana sun ji labari suna ta mafarki, kuma duk wadda za ta yi nisa a cikinsu dole wata rana ta tsaya gaban abin da ya fi hannun 'yar ajinsu gudu.

Cikin sababbin huɗun nan akwai wata 'yar aji ɗaya daga wani ƙauye a wajen Darazo. Ranar farko da na nuna musu yadda ake wulwula hannu, sauran suna ta ƙyalƙyala, ita ko ta karɓi ƙwallon ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Malama, kamar korar tsuntsu?" Ashe tun tana ƙarama ita ke tsaron geron babanta da majajjawa. Na ce ta gwada. Ta taka, hannu ya zaga, wuyan hannun ya karye a gefen cinya kamar an shekara ana koya mata, ƙwallon ta tashi ta bi ta saman mai cafewa, ta saman raga, ta saman darbejiya, ta dira a kan kwanon kicin, masu girki suka fito da ludaya a hannu. Saiti babu ko na anini. Amma ƙarar da kwanon nan ya yi, ni kaɗai na san abin da na ji a raina.

Shekaranjiya Injiniya ya zo cin tuwo gidanmu, yana ta zumuɗi, wai ya samo wani moton da tayar baro ta biyu, zai yi wa Gwaggo kishiya a jikinta ta fara murza ƙwallo. "Matarmu, wallahi sai ta fi ta Bature." Na ce ya ajiye tukuna. Raga ta biyu nake so ya haɗa mini, mai tsayi sosai, wadda za a kafa ta ɓangaren kicin, kuma in zai zo ya taho da guduma da ƙusa, don kwano ɗaya ya ɗaga.